Wanda ya rubuta "Tammat" bai gama littafi ba

Yau maganar tawa tana da ɗan tsawo, kuma na san za ta yi wa wasu zafi. A yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a fara jifa.

Ni ɗaliba ce a tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Shabu, Lafiya. Wata uku da suka wuce, da daddare, na rubuta kalmar ƙarshe ta littafin da na shafe shekara biyu ina yi a waya, tsakanin lakca da aikin gona da neman wurin caji. Tun daga ranar ba a bar ni na huta ba. "Ke, yaushe za ki sake shi?" "Buɗe guruf kawai a WhatsApp, kowa ya biya ya shiga." Da na ce sai na gyara tukuna, wata ƙawata ta yi dariya ta ce, "Yo littafin Hausa ne fa, wane gyara kuma? Ai kowa zai gane."

To wannan "ai kowa zai gane" ɗin ce ta sa ni wannan rubutu, domin ita ke kashe mana adabi.

Mu da muke karatun noma mun san yankan shinkafa ba shi ne gama aiki ba. Akwai bugu, akwai shiƙa, akwai shanya, kafin a kai ta inji. Wanda ya kai buhu kasuwar Lafiya da tsakuwa a ciki, sau ɗaya zai yi ciniki. Amma idan rubutu ne, sai mu zuba wa mutane da tsakuwar, mu ce baiwa ce.

Ni ma da haka na ɗauka, sai da na buga littafin a takarda na kai wa wani dattijo, tsohon malamin Hausa a unguwarmu. Bayan sati biyu ya dawo min da shi jajir da biro. Ya ce, "'Yata, matar nan da kika binne a babi na tara, ya aka yi take rabon goro a babi na ashirin?" Wallahi na manta na kashe ta. Yaron da na ce shekararsa bakwai, bayan shekara goma na sa shi a aji uku na firamare. Ya nuna min inda na rubuta "bata zo ba", ya ce ba ta zo ba ne, ko ɓata ta yi? Ya nuna min "baki sun cika gidan", ya ce baki ko baƙi? Ranar na ji kunya, amma gara na ji ta a gaban mutum ɗaya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne munafuncinmu. Idan malami ya dawo mana da rubutun furojet saboda waƙafi ɗaya na Turanci, ba musu muke komawa mu gyara, har mu biya kuɗin sake bugawa. Amma harshen da muka sha a nono, shi ne ba shi da ƙa'ida? Yana da ita. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, duk kan daidaita rubutun Hausa. Ƙ da ɗ da ɓ suna nan a madannin waya, sai dai ƙiwa ta hana mu nema.

Masu cewa gyara gulma ce ta 'yan boko, su duba tarihi. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ba daga alƙalami suka faɗa hannun masu karatu ba, sai da edita ya bi su. Yau shekara casa'in ke nan ana karanta su. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ma ta hanyar gasar kamfanin NNPC ya fito a 1980. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu har Indiya ya kai, inda aka buga fassararsa ta Turanci a 2012. Wane ne a cikinmu zai iya tuna sunan littattafai biyar da ya karanta a guruf bara?

Na san amsar da za a ba ni: "Ke kina da kuɗin edita ne? Mu da kuɗin guruf muke sayen data da handawut." Wannan gaskiya ce, ba na raina ta. Ban ce sayar da labari a intanet laifi ba ne, kuma akwai marubutan onlayin da alƙalaminsu ya fi nawa nesa ba kusa ba. Amma gyaran da nake magana ba kuɗi yake ci ba, haƙuri yake ci. Kuma ku sani, galibin gasanni ba sa karɓar labarin da aka riga aka saki. Ran da kika tura shi guruf, kin rufe wa kanki wannan ƙofar. Wata da na sani ta saki nata, cikin sati guda ta gan shi yana yawo da sunan wata a kai.

Ga abin da na yi, ko zai amfani wani. Na ajiye littafin wata guda ban taɓa shi ba, don idona ya huce. Na karanta shi da ƙarfi a ɗaki, duk inda harshena ya sarƙe na san jimlar ce ba ta zauna ba. Na rubuta sunan kowane tauraro da shekarunsa da danginsa a takarda ɗaya. Na ba mutum biyu da ba sa jin nauyina, ban ba ƙawayen da za su ce "wayyo daɗi" ba. Na cire babi uku da nake matuƙar so, don ba sa kai labarin ko'ina. Na taƙaita shi duka a shafi ɗaya, na tura wa kaina kwafi ta imel. Yanzu kuma ina karanta sharuɗɗan inda zan tura shi layi-layi, domin kowane wuri da nasa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta gajerun labarai ce ta mata. Ko littafinki ya fi zuma daɗi, idan kika tura musu shafi ɗari uku kin yi aikin banza.

Mai yiwuwa a ƙi karɓar nawa. Idan aka ƙi, zan sake zama a kansa. Abin da ba zan yarda ba shi ne a ƙi shi don na sa matacciya rabon goro.

Wanda yake da littafi a waya a nan Shabu ko cikin gari, mu yi musaya: ka karanta nawa, in karanta naka, da jan biro. Sharaɗi ɗaya ne, ba fushi.