Kafin a Fesa wa Dashbod ɗin Tsohuwar Fijo Fenti

Maƙalar wannan makon ta ɗan kauce daga ƙa'idojin rubutu, ta leƙa gareji. Muna roƙon a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a ce mun yi ɓatan kai.

Ra'ayinmu shi ne: duk wanda Allah ya bar wa tsohuwar mota a gida, musamman Peugeot 504 da muke kira Fijo, kada ya bari mai fenti ya taɓa robobin cikinta sai in babu makawa. In kuma babu makawar, a mayar mata da launin da ta fito da shi daga kamfani, da irin fentin da ya dace da roba.

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. Daga 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Ita ce motar gwamnati, ita ce motar ma'aikacin da ya ci bashin mota, ita ce ta tasha mai ɗaukar fasinja daga Kano zuwa Jos. Ƙungiyar FIVA, mai kula da sha'anin tsofaffin motoci a duniya, tana kiran mota ta tarihi idan ta kai shekara 30 kuma an adana ta yadda take. Da wannan ma'auni, Fijo da yawa da ke kwance a ƙarƙashin darbejiya, tayoyi a sace, kaji na ƙwai a kujerar baya, kayan tarihi ne. 'Yan gwangwan kuwa ba sa jira.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, yawancin robobin cikin mota ba fenti aka yi musu ba. Tun robar tana ƙwaya-ƙwaya ake cakuɗa ta da launi, a narka, a ɗura a cikin ma'auni. Launin yana cikin naman robar ne, gaba da baya. Shi ya sa in ka kankare bayan murfin akwatin dashbod za ka tarar launin ɗaya ne har ciki. Ƙananan zanen nan mai kama da fatar akuya da ake gani a saman robar, shi ma daga ma'aunin ya fito, kuma yana da aiki: yana karya haske, yana ɓoye ƙarzuwa. Saman dashbod kuma sau da yawa leda ce mai kauri da aka lulluɓa a kan soso. Akwai dai sassan da kamfani da kansa yake fesawa. Kamfanonin Amurka sun sha zuba roba da launi ɗaya, sannan su fesa mata wanda zai dace da kujeru, kuma a tsofaffin motocin General Motors akwai ɗan farantin ƙarfe a jikin motar mai ɗauke da lambar fentin waje da ta kayan ciki. Masu gyaran tsofaffin motoci a can da wannan lamba suke fara aiki.

To me ke sa launin ya koɗe? Rana. Haskenta yana tsinka sinadarin robar daga sama, sai ta yi fari-fari kamar an barbaɗa alli. Ita kuma ledar dashbod akwai wani maiƙo a cikinta da ke sa ta laushi. Zafi yana fitar da shi a hankali, sai ta bushe, ta tsage. Motar da ta yi shekara arba'in tana shan ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba sai an yi dogon bayani ba.

A nan ake kiran mai fenti, a nan kuma ake rasa ido garin gyaran gira. Ya gama fesa jikin mota, akwai ragowar baƙi mai ƙyalli a bindigar fenti, sai ya ce bari a wanke cikin ma. Ranar farko abin gwanin sha'awa. Amma fentin da aka yi don ƙarfe ba ya tafiya da roba, domin roba tana miƙewa da zafi tana tsukewa da sanyi fiye da ƙarfe, kafin damina ta zagayo ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa. Robar da ake kira polypropylene ma ba ta riƙe fenti ko kaɗan sai an fara shafa mata sinadarin da ke sa shi kamawa. Wadda ake kira ABS tana riƙewa, amma tina mai ƙarfi tana narka fuskarta. Ga kuma man goge dashbod da aka yi shekaru ana shafawa. Silikon ɗin da ke cikinsa yana korar fenti, sai ka ga ƙananan ramuka kamar idon kifi. Fenti mai kauri yana cike zanen fatar nan, robar ta koma sumul kamar bokitin wanka. Mafi muni, dashbod mai ƙyalli yana mayar da hoton kansa a gilashin gaba da tsakar rana, direba yana kallon hanya ta cikin inuwar dashbod ɗinsa. Kamfani bai dusashe saman nan don rowar fenti ba. Akwai kuma masu bi da wuta a kan robar da ta koɗe don launin ya taso. Yana tasowa na ɗan lokaci, robar kuma ta ƙara gautsi.

Za a ce mana mota ta mai ita ce, in ya ga dama ya yi mata ruwan hoda. Gaskiya ne, kuma direban da ke neman abincin iyalinsa da tsohuwar wagon ba ya bukatar huɗubarmu, fasinja yake so ya ga mota tsaf. Maganarmu da magada ce, waɗanda suka gaji motar mahaifi ko kaka, suna da halin zaɓi. Jikin mota in an yi masa fenti mara kyau ana iya kankarewa har ƙarfe a sake. Robar da tina ta cinye fuskarta ta tafi ke nan, kuma samun wata mai lafiya a Ƙofar Ruwa ko Panteka kullum ƙara wuya yake, domin waɗanda ke can ma rana ɗaya suka sha.

Su kansu Turawan sun daɗe suna sabunta komai kafin su gane suna goge tarihi. FIVA ta fitar da Yarjejeniyar Turin, wadda ta fara aiki a 2013, tana jan hankali a kan barin kayan asali da alamun tsufa inda zai yiwu. A 2024, a gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, babbar kyauta ta tafi ga wata Bugatti Type 59 ta 1934 da ba a sabunta ba, karo na farko da irin wannan mota ta ci. Mu ma muna da misali a gida. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Legas da ramukan harsashi a jikinta. Babu mai hankalin da zai ce a kai ta wajen fanalbita.

Ga inda abin ya shafe mu. Cikinmu akwai masu rubuta labarin da ya faru a 1982: malamin makaranta ya sayo sabuwar Fijo, unguwa ta fito kallo. Me amaryarsa ta gani da ta zauna a gaba? Wane launi ne a ƙofar da ta jingina? Ina madannin fitila yake? Hoton intanet galibi na motar Faransa ne, kuma ba lallai ya yi daidai da wadda ta fito daga Kakuri ba. Haka masu shirya fim, da suke aro kowace tsohuwar mota su ce ta zamanin Shagari ce, dashbod na walƙiya kamar takalmin soja. Kowace mota da aka fese cikinta, shaida guda ce ta rage ga mai son rubuta wancan zamani da gaskiya.

In robar ta lalace har ba a iya barinta, akwai hanya. A fara da wanki, ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, domin sau da yawa abin da ake zato koɗewa dauɗar shekaru ce. A ciro sashen daga motar, a duba bayansa ko gefen da kujera ta rufe, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba. Launin kamfani yana nan, da shi za a je wajen mai haɗa fenti. A ɗiga asitom, wato ruwan goge jan farce, a bayan robar: in ta yi danƙo ABS ce, in ba ta motsa ba mai yiwuwa polypropylene ce, sai a nemo sinadarin kamawa. A sayi fentin da aka yi musamman don roba da leda, marar ƙyalli, a fesa siriri-siriri sau uku ko huɗu maimakon mai kauri sau ɗaya. A kuma ajiye ƙaramin sashe guda ba a taɓa ba, ko da murfin tokar sigari ne, don mai gyara na gaba ya sami abin gwadawa.

Wanda ke da irin wannan mota a gida ko a maƙwabta, ya ɗauko mana hoton cikinta da rana, ba tare da filasha ba, ya rubuta shekarar da aka saye ta in an sani, ya sa a ƙasan wannan rubutu. A rufe lambar motar kafin a ɗora.