Hangar: rumfar kasuwa ko ɗakin jirgi?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa neman wuri a hannun hukumar magajin gari, a Maraɗi ko Damagaram, ya san kalmar hangar. Ita ake rubutawa a takarda in ana nufin rumfa, ta kara ce ko ta kwano. Amma in takardar ta faɗa hannun mai Ingilishi, wani abu daban zai fahimta, domin a harshensa hangar ɗakin ajiye jirgin sama ne, ba shi da wata ma'ana da aka saba da ita sai wannan.

Asalin kalmar na Faransanci ne, kuma masana sun rabu biyu kan tushenta. Mafi yawansu sun ce ta fito daga harshen Farankawa, ƙabilar da ta ba ƙasar Faransa sunanta, inda aka haɗa haim, watau gida, da gard, watau shinge. Wasu kuwa sun jingina ta ga wata kalmar Latin mai nufin rumfar da ake yi wa dawaki takalmi. Ko wanne aka ɗauka, ma'anar ta manoma ce: wurin da ke da rufi, inda ake tura amalanke da kayan gona don kada ruwa ya taɓa su. Da wannan ma'ana Ingilishi ya fara aron ta a tsakiyar ƙarni na 19, amma ba ta kama bakin jama'a ba.

Jirgin sama ne ya ba ta gindin zama. A Medon, kusa da Paris, sojojin Faransa sun gina wata ƙatuwar rumfa a 1879, wadda har yau ake kira Hangar Y. Daga nan ne balan-balan mai inji, La France, ya tashi a 1884, ya yi kewaye ya komo inda ya fito, abin da ba a taɓa yi ba. A 1909 Luwi Bileriyo ya ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila cikin jirginsa. A lokacin Faransawa ke kan gaba a wannan sana'a, saboda haka sunayen kayan suka bi kayan. Ingilawa da farko shed suke cewa, kuma manyan rumfunan nan biyu na Kadintan a Ingila da wannan suna aka san su har yanzu. Yaƙin duniya na 1914 ya ƙarasa aikin, sa'ad da sojojin saman Ingila suka riƙa ajiye jiragensu cikin rumfunan katako da tamfal na kamfanin Bessonneau.

To, sai kalmar ta kama hanya biyu. A Ingilishi ta ƙuntata ta tsaya filin jirgi. A Faransancin da ake yi a Nijar kuwa ta faɗaɗa, har ta sauko kan gwafanni huɗu da zana, wurin mai tsire da tela da ƴan hira. In an duba, mutanen kasuwa sun fi matuƙan jirgi kusa da ma'anar farko.

Wurin da abin ke da haɗari shi ne fassara. Ma'aikacin da aka ba takardar kwangilar gina rumfuna 10 a kasuwa, ya juya ta Ingilishi ya bar kalmar yadda take don ganin rubutun ɗaya ne, ya gaya wa ɗan kwangilar Legas ko na Akara cewa gidajen jirage 10 ake so. Shed ko stall ya kamata ya sa. Akwai kuma tarko na biyu: masu Ingilishi suna furta hangar daidai da hanger, abin rataye riga, bambancin harafi ɗaya ne, kuma su kansu sukan ruɗe wajen rubutu.