Kwalekwalen katako ko na faiba: wanne ya dace da 'yan fiton Kebbe?

Idan damina ta kankama, Gulbin Zamfara ya cika ya batse, manomin Kebbe da gonarsa ke tsallaken ruwa ba shi da wata mota sai kwalekwale. A watan Satumban 2024 kwalekwale ya kife da manoma a Gummi, maƙwabciyar Kebbe, mutane da dama suka rasu. Kafin nan, a Afrilun 2022, mutum 29 ruwa ya ci a Gidan Magana da ke ƙaramar hukumar Shagari.

Irin waɗannan haɗurra ne suka sa Ministan Harkokin Teku, Adegboyega Oyetola, ya yi kira ga jihohi su raba jama'a da jiragen katako, a koma na faiba da na alminiyum. Kiran yana kan hanya, sai dai bai kamata a haɗiye shi ba tauna ba.

Faiba zaren gilashi ne da ake jiƙawa da wani irin ƙaro har ya daskare. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, ya fi katako rashin nauyi, kuma idan an ƙera shi da ɗakunan iska a ciki, ko ya cika da ruwa ba ya nutsewa nan take. Katako kuwa, ko na maɗaci ne, yana da abokin gaba a wannan yanki: rani. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ruwa ya janye, a bar jirgi a kan yashi ya bushe ya tsage. Ruwan farko na sauka sai a cusa tsumma, a shafa kwalta, a ɗebi mutane. Ga shi manyan itatuwan da ake sassaƙawa sun yi ƙaranci, dazukan da suka rage kuma 'yan bindiga sun hana shiga.

Amma ranar nan ba ta ƙyale faiba ba. Idan ya shekara a fili ba rumfa, fatarsa kan ƙoƙe ta yi rauni. Babbar matsalar ita ce gyara. Jirgin katako ya fashe, kafintan gari zai ɗinke shi kafin la'asar. Na faiba ya daki kututture, sai an nemo ƙaro da zare da wanda ya iya aikin, a tsakiyar damina, lokacin da kwana ɗaya ba fito asara ce. Ɗan fiton da aka ba jirgin da ba zai iya gyarawa ba, tsohon jirginsa zai janyo.

Saboda haka ya dace gwamnatin Sakkwato ta fara da mashigun da ake ɗaukar fasinja da 'yan kasuwa, ta sa musu na faiba, ta bar wa masunta ƙananan jiragensu na katako. Kowane jirgi ya zo da rumfar ajiya da kayan gyara, a kuma koya wa kafintocin da ke aikin tun asali yadda ake liƙe shi.

Lodi fiye da ƙima kuwa, faiba ba ya maganinsa. Hukumar NIWA da sarakunan ruwa su rubuta adadin mutane a jikin kowane jirgi, a ajiye rigunan kariya a mashigi, a ba sarkin ruwa ikon tsayar da duk jirgin da ya haura adadin, tun kafin ruwan Agusta ya iso.