Marfesos da baitin da aka goge

Masu iya magana sun ce ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Labarin Marfesos ya nuna cewa wani lokaci takan yi ƴaƴa, har a ci, a ajiye iri. Marfesos ƙauye ne na Girkawan dā a gindin dutsen Ida, a yankin Toroya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Fausaniyas, marubucin ƙarni na 2 na Miladiyya, ya ce a zamaninsa kufai ne mai mutane wajen 60, ƙasarsa ja ce, busasshiya, har kogin da ke kusa, Aidoneyus, yakan nutse cikin ƙasa ya sake ɓullowa. Abin taƙamar ƙauyen ɗaya ne: nan aka ce an haifi Herofile, ɗaya daga cikin matan da Girkawa ke kira Sibila, masu faɗar abin da zai zo cikin baitocin waƙa da sunan gunkinsu Afolo.

Wannan abu ɗaya ma ba a bar masa ba. A kudu, a bakin teku, akwai birnin Eritire, mai tashar jiragen ruwa da dukiya. A cikin baitocin da ake jingina wa Herofile akwai inda ta bayyana mahaifarta. Baiti ɗaya ya ƙare da kalmar da ke nufin "ja" a Girkanci, wadda ita ce kuma tushen sunan Eritire, na bayansa ya buɗe da sunan Marfesos da na koginsa. In an karanta su tare, jar ƙasar Marfesos ake nufi. Mutanen birni suka goge baiti na biyu, sai siffa ta koma suna, mai duba ta koma ƴar Eritire. Suka samo mata kogon haihuwa a dutsen Korikos, da uba makiyayi. Fausaniyas da kansa ya rubuta wannan aika-aika.

Ga ƴaƴan da ƙaryar ta yi. A shekara ta 83 kafin Miladiyya gobara ta cinye littattafan Sibila da Rumawa ke dubawa a lokacin tsanani. A shekara ta 76 majalisar dattawan Roma ta aika jakadu neman madadinsu, Eritire suka nufa, suka komo da baiti kusan 1000. Daga baya Agustin, malamin Kirista na Arewacin Afirka, ya ambaci Sibilar Eritire cikin littafinsa na Birnin Allah. Tsakanin 1508 da 1512 Mikelanjelo ya zana Sibila 5 a rufin ɗakin ibada na Sistin a Batikan: ta Eritire tana ciki, ta Marfesos babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai masu cewa wannan duk ɓata lokaci ne, tun da Sibila tatsuniya ce, kuma babu mai shaidar ranar haihuwarta. Wannan magana ta kauce wa inda gizo ke saƙa. Ko Herofile ta rayu ko ba ta rayu ba, rubutun ya wanzu, kuma hannun mutane ne ya taɓa shi domin amfanin garinsu. Wasu kuma na cewa wataƙila mutanen Marfesos ne suka ƙara baitin. To, a auna shaidu. Heraklides na Fontus, almajirin Aflaton, tun ƙarni na 4 kafin Miladiyya ya san da Sibilar Marfesos. Garin Gergis, maƙwabcinta, ya buga hoton Sibila a kan kuɗinsa. Barro, masanin Roma da ya lissafa Sibila 10, ya sa ta Marfesos a lamba ta 8. An kuma nuna kabarinta a kurmin Afolo na yankin Toroya. Ko da Eritire tana da tata mai duba tun asali, wannan bai ba ta izinin yanke baitin wani gari ba. Mai gaskiya ba ya tsoron a karanta takarda har ƙarshenta.

Laifi na biyu yana wuyan masu koyarwa. Darasin Girka ta dā a makarantu yakan tsaya ga Atina da Isfarta, in an yi nisa a taɓo Delfi, sai ɗalibi ya tashi da zaton cewa ilimi da daraja daga manyan birane kaɗai suke fitowa. Wannan kashin dankali ne, babba ya danne ƙarami, kuma malamin da ya maimaita shi ba tare da tambaya ba ya taya Eritire riƙe wuƙa. Alhali babu darasin binciken tarihi da ya fi wannan sauƙi: a rubuta ma'anar baitocin biyu a allo, a share na ƙasa, a bar yara su ga yadda gari yake rasa tarihinsa da shafa ɗaya.

Ƙungiyoyin al'adu masu tattara tarihin baka da tsofaffin rubuce-rubuce su ma suna da rabo a nan. Duk wanda ya karɓi labarin asali daga fada ko daga birni, wajibi ne ya taka zuwa ƙauyen da aka ambata a gefe, ya tambayi baitin da ke biye. Marfesos ta yi sa'a da Fausaniyas ya kwafi baitocin cikakku. Ƙauyen da bai sami irinsa ba, ko sunansa ba za a ji ba.