Injin da ya fi ƙarfin kwalekwale

Tun daga hatsarin Warrah a jihar Kebbi cikin watan Mayun 2021, zuwa na Patigi a jihar Kwara cikin watan Yunin 2023, inda mutane fiye da 100 suka rasu, dalilan da ake jerowa bayan kifewar jirgin fito ba sa canzawa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, rashin rigar kariya. Duka gaskiya ne. Amma akwai wani abu da ba a cika tambaya ba, wato ko injin da aka ɗaura a bayan jirgin ya dace da jirgin. A ganina, nan ya kamata binciken hukuma ya fara.

Mu soma da nauyi. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 15 bai kai kilo 40 ba, mai ƙarfin doki 40 kuwa ya kai kimanin kilo 70. Wannan nauyi duka yana rataye ne a ƙarshen jirgi, ga matuƙi da jarkokin fetur a wuri guda. Bayan jirgi sai ya nutse, tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa ta ragu. Da matuƙi ya rage gudu kwatsam, igiyar ruwan da jirgin ya tayar sai ta biyo shi ta afka ciki ta baya.

Mai jirgi yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Ƙaramin inji ba ya iya ja da ruwan Neja lokacin cikowa, kuma jirgin da ya kasa fuskantar ruwa zai juya ya ba shi gefe, wanda shi ma hatsari ne. Sai dai dogon jirgin katako mai lodi yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yanka masa. In ya kusa kai wannan iyaka, ninka ƙarfin inji ba ya ƙara sauri sai kaɗan; fetur ne ke ƙonewa, katako kuma yana shan girgiza har ƙusoshi su saki. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Mafi muni, babban inji yana ruɗin mai jirgi: tunda yana ja, sai a ƙara buhuna da babura.

Sai batun ɗaurawa. Ƙafar inji tana zuwa da tsawo daban-daban, gajera inci 15, doguwa inci 20, kuma dole ta dace da tsayin allon bayan jirgi. Ƙa'idar ita ce, farantin da ke saman farfela ya yi daidai da ƙasan jirgin. In inji ya yi sama, farfela za ta riƙa shaƙar iska tana juyawa a banza, ruwan sanyaya inji ya yanke, inji ya yi zafi ya mutu a tsakiyar kogi. In ya yi ƙasa, zai ci mai, ya kuma riƙa karo da yashi da kututturan da ke ɓoye cikin ruwa. Maƙullan hannu biyun da ke riƙe inji suna kwancewa da girgiza, musamman a kan ruɓaɓɓen katako. Shi ya sa babban inji ke bukatar noti mai ratsa allon, da sarƙar da za ta riƙe shi in ya zame.

A Amurka, doka ta wajabta wa masu ƙera jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba su liƙa faranti mai nuna iyakar ƙarfin inji, nauyin kaya da yawan mutane. Jiragenmu kafintoci ne ke ƙera su a bakin ruwa, ba tare da irin wannan lissafi a rubuce ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida za ta iya haɗa kai da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin 'yan fito, a auna kowane jirgi, a rubuta lambobin nan uku da fenti a jikinsa, inda duk mai shiga zai gani. Kuɗin wannan aiki bai taka kara ya karya ba.

Rigar kariya tana ceton wanda ya riga ya faɗa ruwa. Daidaita inji da jirgi yana hana shi faɗawa tun farko. Uwar da za ta haye kogi da 'ya'yanta ranar kasuwa ta cancanci duka biyun.