Bakin 'yar tsana, maganar mai ita

A shekarar 1990 wani Ba'amurke mai suna Jeff Dunham ya samu shiga shirin talabijin na Johnny Carson, bayan shekaru ashirin yana koyon sana'a mai wuya: ya riƙe 'yar tsana ya yi magana ba tare da leɓensa ya motsa ba, har mai kallo ya rantse ita ke zancen. Ya fara tun yana ɗan shekara takwas, kuma babu mai musun ƙwarewarsa. Shirinsa na Kirsimetin 2008 ya tara masu kallo sama da miliyan shida a tashar Comedy Central.

Amma abin da ya kai sunansa duniya shi ne Achmed, ƙwarangwal mai gemu da ƙyalle naɗe a ka, wai mataccen ɗan ta'adda, wanda bidiyonsa ya bazu a YouTube daga 2007. Dunham ya sha cewa 'yar tsanar ba Musulma ba ce. Sai dai suna da gemu da karin harshe sun riga sun yi nuni. Hukumar kula da tallace-tallace ta Afirka ta Kudu ta hana wani tallan da aka yi da ita a 2008, a Malesiya kuma sai da ya mai da ita Bafaranshe a 2014 kafin ta hau dandamali.

Me ya haɗa wannan da mu? Matashin da ke ɗaukar bidiyon barkwanci da waya a Kpakungu, unguwar da Gwari da Banufe da Bahaushe da Bayarabe ke zaune ƙofa da ƙofa a Minna, dabara ɗaya yake ara ko da bai taɓa riƙe 'yar tsana ba. Ya sa tufafin wata ƙabila, ya karya harshe, ya faɗi abin da ba zai iya faɗa da fuskarsa ba, in an yi magana ya ce ai wasa ne.

Mu ba baƙin raha ba ne. Muna da 'yan kama da 'yan gambara, muna da wasan Katsinawa da Nufawa, da na Fulani da Barebari. Sirrin wannan wasa shi ne ramuwa: wanda ka tsokana yana gabanka, zai mayar maka, ku yi dariya tare, zumunci ya ƙaru. Marigayi Usman Baba Pategi ya shekara da shekaru yana gurɓata Hausa a matsayin Samanja, sojoji na cikin masu ƙaunarsa, domin shi ma tsohon soja ne, daga cikin gida yake tsokana. Wanda aka yi wa shaguɓe ta bakin 'yar tsana kuwa ba shi da wurin ramawa. An yi dariya a kansa, ba da shi ba.

Ba kira nake a hana kowa ba. Takunkumi bai taɓa koya wa mutum ladabi ba. Kirana ga tashoshinmu, irin su NTA Minna, shi ne su buɗe fili ga wannan fasaha, domin za ta yi amfani wajen koyar da yara da yi wa masu mulki hannunka-mai-sanda. Sharaɗi ɗaya ne: duk abin da 'yar tsana ta faɗa, a tambayi mai hannu a bayanta. Katako ba ya magana.