Kirsimetin Television a shekarar korona

Kowane Disamba tashar motar Television da ke Kaduna cike take maƙil: masu tafiya gida Kafanchan da Kudu, da baƙin da ke sauka neman ɗaki a otal-otal ɗin Barnawa da Sabon Tasha. A 2020 abin ya sha bamban. Tun a Maris gwamnatin Nasir El-Rufai ta kafa dokar zaman gida, gwamnan da kansa ya kamu da cutar. Da korona ta sake tasowa a Disamba, aka rufe makarantu da zaurukan biki da gidajen rawa, ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti.

Ba Kaduna kaɗai ba. A Amurka, kamfanin Universal ya soke babban bikinsa na Halloween a shekarar, Disney ma haka. Kano ta haƙura da hawan Sallah.

Jaridar nan na ganin rufewar ta yi daidai. Abin da ke damunta shi ne waɗanda suka ɗauki nauyinta: mai gyaran gado a otal, mai suyar da ke kafa tukuba a bakin zaure, mai ɗaukar hoton yara a wurin shaƙatawa na Gamji. Cinikin mako biyun Kirsimeti ne kuɗin makarantar 'ya'yansu a Janairu.

Kafin wata annobar ta zo, ya kamata gwamnati da masu otal su zauna su tsara adadin masu shiga wuri, da bokitin wanke hannu a ƙofa, da tallafin ma'aikatan da za a ce su zauna gida.